Gida na Uku Bayan Famfo

Rahamatou ba ta nemi aikin nan ba. A taron ƙungiyar 'yan kasuwa da aka yi a unguwar Nkembo ta birnin Libreville bayan ƙaramar salla ne mahaifinta, Malam Saliou mai shagon kayan girki, ya ɗaga hannu ya ce 'yarsa ta gama karatun sakatariya, tana jin Faransanci kamar kowane ɗan gari, tana kuma taɓa kwamfuta. Kafin labari ya iske ta a gida an rubuta sunanta, an shafa fatiha. Aikin, in ji su, ba wani abu ba ne. Ƙungiya ta buɗe shafi a intanet, duk wanda aka yi wa sata ko ƙwace ko damfara sai ya shiga ya cike fom, don sauran jama'a su san inda ɓarayi ke yawo da irin dabarar da suke zuwa da ita. Nata dai ta riƙa dubawa, ta gyara rubutun waɗanda suka cakuɗa Hausa da Faransanci har ba a gane abin da suke nufi, in kuma wani na son rakiya zuwa komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ta sanar da dattawa.

Wanda ya gina shafin shi ne Moustapha, ɗan ƙanin shugaban ƙungiya, mai sana'ar saka kyamarori a shaguna. Tun satin farko Rahamatou ta ce masa fom ɗin ya cika tambaya, kuma bai dace a ce duk abin da mutum ya rubuta ya faɗo fili nan take ba tare da kowa ya karanta ba. Ya ce zai duba. Wata huɗu ke nan yana dubawa. Abin da ya hana ta matsa masa shi ne rahotannin duk na ƙananan abubuwa ne: an fizge waya a cikin taksi, an ɗauke tukunyar gas a bakin shago, an biya wani da jabun takarda.

Ranar wata Talata da safe tana shagon babanta tana jera faranti, gwaggonta Nafi ta shigo riƙe da waya, ko zama ba ta yi ba ta ce, “Ashe Djaïba ciki gare ta. Wata uku, ba ta gaya wa kowa ba.”

Rahamatou ta tambaye ta inda ta ji. Gwaggo Nafi ta miƙa mata wayar, ta ce ai a shafinsu ne, ita da ke aikin ba ta gani ba?

Tanti Djaïba 'yar Damagaram ce, tana sayar da turare da atamfa a gidanta da ke Alibandeng, masu saye ta waya suke samun ta. Mijinta direban babbar motar katako ne, in ya shiga daji sai ya yi sati uku bai dawo ba. Jiya da rana wani ya kira ta ya ce turaren biki yake so, ta yi masa kwatance, ya zo. Tana buɗe ƙofa ya zaro wuƙa. Ya kwashe jakarta da sarƙoƙinta da atamfa turmi shida, da ta riƙe jakar kuma ya yanke ta a hannu. Daga asibiti ta wuce komisariya, da ta dawo gida ta cike fom ɗin ƙungiya, ba ta tsallake gurbi ko ɗaya ba. Yanzu ga shi nan duka a fili, kowa da ke da waya a duniya zai iya gani: cikakken sunanta, lambarta, kwatancen gida, wai na uku bayan famfo mai koren ƙyaure, har da alama a kan taswira. Ga hoton takardar likita, inda a ƙasan bayanin raunin aka rubuta cewa tana da juna biyu. A cikin labarin kuma ta rubuta da hannunta cewa mijinta ba zai dawo ba sai ƙarshen wata, kuma ta gane mutumin, ta sha ganin sa a wani wurin wankin mota kusa da mahaɗar hanya.

Rahamatou ta karanta layin ƙarshen nan sau biyu. Sannan ta ajiye farantin da ke hannunta, ta buɗe shafin a tata wayar, ta goge maganar miji da ta wankin mota. Iyakar ikon da aka ba ta ke nan. Suna da lamba da taswira da takardar likita a kulle suke, Moustapha kaɗai ke iya taɓa su, haka ma cire rahoto gaba ɗaya. Ta kira shi sau biyar bai ɗauka ba. Ta kira Tanti Djaïba, layi na ta nuna ana magana. Ta yafa mayafi ta ce wa babanta yanzu za ta dawo.

Shagon Alhaji Abduljalil, shugaban ƙungiya, yana gefen kasuwar Mont-Bouët, cike da bokitai da takalman roba har rufi. Ta same shi tsaye ana sauke masa kaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi babanta da mamanta da ƙafar kakarta, ya ce ta zauna a gama. Ta zauna a kan wani kwali tana kallon agogon wayarta har minti ashirin. Da ya juyo ta yi masa bayani a gajarce, ta ce rahoton take so a cire yanzu.

Alhaji ya ce ya gani tun asuba, abin ya taɓa shi ƙwarai. Shi ya sa ma ya tura shi zauren WhatsApp na dattawa, da na masallaci, da na mutanen Damagaram mazauna gari, don a sa ta a addu'a.

“Baba Alhaji, har da takardar likitan?”

“Yadda ya zo haka na tura, 'yata. Ni ina na iya rarrabewa?”

Ta yi ƙoƙari ta riƙe muryarta. Ta ce ɓarawon ma yana da waya, kuma yanzu ya san an gane shi, ya san ba namiji a gidan. Alhaji ya ce ɓarawo ba ya karanta shafin ƙungiya. Ta ce ba wanda ke gadin ƙofar shafin. Ya ce to, amma ta duba wani abu: in aka ɓoye suna, ta yaya mutane za su je jaje? Mace an shiga gidanta an yanke ta, a bar ta ita kaɗai kamar ba ta da kowa a ƙasar nan? Kuma rahoton da ba suna, gobe kowa sai ya ƙirƙiri nasa, a ce ƙungiya na yaɗa ƙarya. Maganarsa ba shirme ba ce gaba ɗaya, wannan ne ma ya ƙara ƙona mata rai, don ba ta da lokacin da za ta zauna ta warware ta. Ta ce duk za a tattauna, amma yanzu kalmar sirrin shiga shafin take nema. Ya ce Moustapha ya taɓa rubuta masa ita. Ya jawo durowa ya fito da wani tsohon littafi, ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa, har ya samo wasu haruffa a bayan bango. Ta gwada sau uku. Daga baya ya tuna ta na'urar intanet ɗin gidansa ce.

Moustapha, in ji shi, yana Ntoum, wani gari a wajen Libreville, tun jiya, yana saka kyamarori a wani babban shagon kayan gini.

Ta shiga motar haya sha ɗaya saura. Ruwa ya sauko tun kafin su fita gari, cunkoso ya tsaya cak wajen unguwar PK8, direba ya kashe mota ya fito da gyaɗa yana ci. Matar da ke kusa da ita ta ɗora mata kwandon rogo a cinya ba tare da ta tambaya ba. Duk bayan 'yan mintuna Rahamatou sai ta buɗe shafin ta duba adadin waɗanda suka karanta. Da suka tashi ɗari uku da wani abu ne. Da suka wuce PK12 ya haura ɗari shida. Ta kife wayar a kan rogon.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta samu Moustapha a saman tsani, waya a aljihun baya, igiyar lantarki a baki. Ya sauko yana murmushi, ya ce ai ya ga kiranta, ya bari ne ya gama wannan layin. Kafin ta buɗe baki ya tambaye ta ko ta ga yadda shafin ya tashi yau, wanda a da mutum ashirin ba sa buɗe shi a yini.

“Moustapha, cikin matar mutane suke karantawa. Cire shi.”

Ya ce ita matar ce ta saka da kanta, ba wanda ya tilasta mata. Rahamatou ta buɗe fom ɗin ta nuna masa jan tauraron da ya sa a gefen kowane gurbi, wanda in ba ka cike ba fom ɗin ba ya tafiya. Ta nuna masa inda ya rubuta a saka takardar likita in akwai. Ta tambaye shi a ina aka gaya wa mutum cewa duk wannan duniya za ta gani. Ya sosa ƙeya, ya ce shi ma fom ɗin a wani wuri ya samo shi ya kwafa, kuma kwamfutarsa na Libreville, da yamma in ya koma zai yi. Ta ce da waya ma ana yi. Ya ce sabis ba ƙarfi a cikin shagon. Ta ce su fita. Haka suka tsaya a bakin titi ƙarƙashin wata rumfar kwano mai yoyo, manyan motoci na watsa musu ruwan taɓo, shi yana ɗaga waya sama yana jiran shafi ya buɗe, ita tana tsaye a kansa. Biyu da kwata rahoton ya ɓace.

Ya ce shi ke nan, an gama. Ta juya masa tata wayar. Mutane sun riga sun ɗauki hoton shafin, yana yawo a zaure huɗu da take ciki, na farkon ma wanda ba ta gyara ba, mai maganar wankin mota. Wata 'yar kawunta da ke Kano ta turo mata shi tana tambaya ko ta san matar. Moustapha ya duba ya ce to wannan kuma ba daga shafinsa ba ne. Ta mayar da wayarta jaka. Ta tsallaka titi ta nemi motar komawa.

Washegari da hantsi ta je Alibandeng. Ba ta buƙaci tambayar kowa ba, takalma sun cika bakin ƙofa har kan dakali. Mata sun cika falo, wasu Rahamatou ta san su, wasu kuwa ita mai gidan ma ba ta taɓa ganin su ba. Tanti Djaïba na kai da komo da hannu ɗaya naɗe da bandeji, tana miƙa ruwa tana amsa sannu, kowace mai shigowa kuma sai idonta ya sauka kan cikinta kafin fuskarta. Da ta ga Rahamatou ta yafito ta zuwa kicin, ta tura ƙofa.

A nan ta gaya mata. Tun jiya wayarta ba ta huta ba. Surukarta ta kira daga Damagaram tana kuka, wai sai a bakin maƙwabta za ta ji za ta ƙara samun jika. Mijinta ya ji labarin daga wani direba kafin ita ta same shi. Wani ya kira yana tallar ƙofar ƙarfe, wani na da maganin tsari, wata kuma ta tambaya ko sauran atamfar za ta karyar da su tunda abin ya faru. Sai jiya bayan la'asar wata baƙuwar lamba ta shigo, namiji, da Faransanci, murya a kwance. Ya ce wane wurin wankin mota take nufi. Sannan ya kashe.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara bakin bandejin ta ce, “Fom ɗin ya ce in saka takarda, na saka. Na ɗauka ke kaɗai za ki gani, Rahama. Don an ce ke ce a wurin, shi ya sa na rubuta komai.”

Rahamatou ta so ta ce ta yi magana tun wata huɗu da suka wuce. Ta ga faɗin hakan ba zai amfani matar da komai ba, kuma magana ɗaya da ta yi ta koma ta zauna ba abin tinƙaho ba ce. Ta ce ta yi haƙuri, laifinsu ne. Ta raka ta komisariya suka ba da lambar da ta kira, aka rubuta. Da suka dawo ta taya ta haɗa kaya a jaka biyu, don yayan Tanti Djaïba zai zo ya ɗauke ta da yaranta su koma gidansa. Masu jaje na falo har lokacin, wata na tambaya ina za a je da kaya haka.

Ranar Lahadi bayan azahar aka yi taron ƙungiya a farfajiyar da aka saba. Rahamatou ba ta taɓa magana a taron ba, mata a baya suke zama. Ta nemi izini ta wurin babanta, ta miƙe da takarda ɗaya a hannu. Ta ce daga yau abin da zai fito a shafi shi ne unguwa, da irin laifin, da dabarar da aka yi amfani da ita. Suna da lamba da kwatancen gida za su tsaya a wurin mutum biyu kawai. Takardar likita ba za a ƙara karɓa ba sam, wannan tsakanin mutum ne da likitansa da 'yan sanda. Ba rahoton da zai fito sai an karanta shi an kira mai shi. Wanda ke son a zo masa jaje ya faɗa da bakinsa, a sanar. In ba a yarda ba, ta ce, a nemi wani ya karɓi aikin, ita ta ajiye.

Ta ɗauka a kan ɓoye suna za a yi gardama. Aka taɓa wannan kaɗan, sai magana ta karkata kan su wane ne mutum biyun. Wani ya ce dole ɗaya ya zama ɗan Najeriya ɗaya ɗan Nijar. Wani ya ce to haifaffun nan fa. Wani dattijo ya tashi ya yi dogon bayani kan yadda a zamaninsu ba a san wani shafi ba, kuma ba a sata haka. Aka kira la'asar, aka yi salla, aka dawo aka ɗora daga inda aka tsaya. Rahamatou na zaune tana naɗe takardarta tana warwarewa. A ƙarshe Alhaji Abduljalil ya yi gyaran murya ya ce shi dai har yanzu yana ganin jaje haƙƙi ne, amma ya je gidan Djaïba jiya ya tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta sun ce ta tashi, kuma abin bai yi masa daɗi ba. Ya ce a gwada tsarin yarinyar nan wata uku. Mutum biyun kuwa ita ce da matar liman.

Moustapha ya ce gyaran zai ɗauki sati biyu. Rahamatou ta ce ta ga jakar kwamfutarsa a ƙarƙashin kujerarsa. Suka zauna a shagon babanta tsakanin tukwane, ta hana shi tashi ko shan shayi, kafin magariba an gama.

Saura hoton da ke yawo. Ta rubuta saƙo da Hausa da Faransanci, ta tura kowane zaure, tana roƙon duk wanda ke da hoton rahoton ya goge, kada ya ƙara turawa. Mutane da yawa suka amsa da to. Mutum uku kuma suka sake turo hoton cikin zauren suna tambaya ko wannan ake nufi. Ta ajiye wayar ta fita bakin shago ta tsaya tana kallon titi, sannan ta dawo ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Satin da ya biyo ta kira mutum talatin da bakwai da suka taɓa kai rahoto, tana gaya musu an cire sunayensu. Yawancinsu ba su ma san sunan ya taɓa fitowa ba. Wata ta yi mata faɗa kamar ita ta saka. Malam Zakiru mai gyaran agogo kuwa har shago ya zo da kansa, ransa a ɓace, yana tambayar wanda ya ba ta izinin cire sunansa, in wani ya ga janaretansa da aka sace wa zai kira. Ta ce zaɓinsa ne, ta mayar masa da suna da lamba. Ya ce a ƙara da hotonsa. Ta ce ba gurbin hoto. Ya tafi yana cewa an lalata shafin.

Ba a kama mutumin ba har yau. Tanti Djaïba ta canza layi, tana bin tsofaffin masu sayenta ɗaya ɗaya tana ba su sabuwar lamba, rabinsu sun riga sun koma wurin wasu. Ta turo wa Rahamatou lambar saboda maganar komisariya, ta ce kada ta ba kowa.

Ranar Juma'a da rana Umma, mahaifiyar Rahamatou, tana tankaɗe a tsakar gida ta ce turarenta na wuta ya ƙare, kuma ba wanda ke haɗa shi kamar Djaïba. Ta ce a ba ta sabuwar lambar. Rahamatou ta ce za ta gaya wa Djaïba ta kira ta.

Umma ta tsayar da rariya. “Ni ma?”

“Umma, ta ce kowa.”

Umma ta ce ita ta haife ta, kuma ta san Djaïba tun kafin a san za a yi wani abu wai shi intanet. Rahamatou ta ce haka ne, ta ɗauki tsintsiya ta shiga sharar garin da ya zuba. Umma ba ta ƙara yi mata magana ba har aka sauke tuwo, shi ma ƙanwar Rahamatou ta aika ta ce a gaya wa ma'aikaciya abinci ya sauka.